Baba a Teburin Baƙi

Auta ba ta taɓa kwana a masaukinta ba. Ɗakuna takwas ne, daga nesa ta gina su, cikin shekara tara da ta yi a ƙasar waje tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Ta waya ta zaɓi tayil, ta waya ta yi faɗa da magini kan tagar da ya karkatar, har mutumin ya rantse bai taɓa haɗuwa da masifaffiya irinta ba, alhali ko inuwarta bai taɓa gani ba. Ita kuwa ko a jikinta. Tun tana ƙarama ba a taka ta ta yi shiru.

Da aka buɗe masaukin, Babanta ta ɗora a teburin karɓar baƙi. Tsohon direban bas ne, tun rasuwar mahaifiyarsu zaman gida ke neman kashe shi. Aikin nan ya miƙar da shi tsaye. Ya ɗinka riguna biyu, ya kafa ƙusa takwas a allo ya rataye makullai, kuma babu baƙon da zai ga gado bai sha labarin hanya ba. Yayanta yana leƙowa da yamma in ya rufe shago. Ita kuma ta sa aka maƙala kyamara a saman teburin, wai don ɓarayi. Ƙarya take, Babanta take son kallo a lokacin hutun cin abinci.

Wata Talata tana zaune a ɗakin ma'aikata, cokali a hannu, waya a jingine da kwano, ta ga wani baƙo ya miƙa wa Baba makulli zai tafi. Baba ya karɓa, ya juya wajen allon, ya tsaya. Ya kalli makulli, ya kalli ƙusoshi, ya fi minti biyu a haka. Daga nan ya jefa makullin cikin kofin shayinsa, ya zauna abinsa yana murmushi.

Ta ajiye cokalin. Ta san tsayuwar nan sarai, kullum tana ganinta a wajen tsofaffin da take yi wa wanka. Ta san inda abin yake farawa, ta san inda yake ƙarewa. Nan take ta kira Yayanta.

"Yaya, don Allah ka kai Baba asibiti."

"Ke dai da neman magana! Tsufa ne kawai. Jiya ma ya ba ni labarin motar da ya tuƙa tun ba a haife ki ba, har da lambarta."

"Na da ba ya ɓacewa da wuri, Yaya, na yau ne ke zubewa. Tambaye shi me ya ci da safe."

"To likita, ki zo ki kai shi mana."

Nan ya taɓa mata inda ke ciwo. Takardun zamanta wata bakwai ke nan suna ofis ana sabunta su. In ta fita kafin su fito, babu dawowa.

Abu ya ci gaba. Baba ya ba mutum biyu ɗaki ɗaya, aka kusa dambe a baranda. Ya ɗora ruwa a kan gas ya manta, sai da matar da ke shara ta ji ƙauri ta shigo da gudu. Auta ta zama kamar zautacciya, tana duba waya a bayi, a matakala, a bayan keken guragu, har shugabar aiki ta ja mata kunne sau biyu. In ta bar shi a teburin, ga gas, ga mutane a ɗakuna. In ta sauke shi, ta sha ganin yadda tsoho ke narkewa cikin wata biyu da zarar an raba hannunsa da aikin da ya sani. Wallahi tsoro take ji, tsoron da ko ranar da ta sauka ƙasar nan ita kaɗai ba ta ji irinsa ba.

Ranar Asabar da hantsi ta yanke shawara za ta lallaɓa shi ya huta. Ta kira wayar teburin.

"Salamu alaikum, masauki ne, bismilla."

"Baba, ni ce."

"Sannu baiwar Allah. Ɗaki kike so?"

"Baba, Auta ce. Autarka."

"Ikon Allah, sunan 'yata ke nan! Ai ita ta gina wurin nan, tana can waje tana aiki. Daga ina kike kira?"

Sau nawa ta gaya wa iyalan mutane kada su yi musu da mai irin wannan ciwo, su bi shi a hankali? Yau ga shi a kanta. Ta dafa bango.

"Daga can wajen nake kira, Baba."

"Madalla! To in kin gan ta, ki ce ta kira ni. Ta daɗe ba ta kira ba, kuma ba na so in dame ta."

Jiya da safe suka yi magana, minti arba'in cur.

Ta ce, "Zan gaya mata, Baba."