Baƙin akwatin Malam

Jama'a, yau na gano inda muryar mijina take, kuma raina ya ɓaci.

Kafin rasuwarsa, Malam ya fara haɗa ordinatar, wato kwamfuta, a gida, don hotunanmu da saƙonnin muryarsa su zauna wurinmu, kowa ya buɗe daga wayarsa. Bai ƙarasa ba. Yau ƙanena Sani ya zo daga Zango ya ƙarasa. Ya kunna, ya gyara rezon intanet, ya canja waya, abu ya ƙi. Sai ya leƙa baya ya ce, "Yaya, ina disk ɗin? Wani baƙin akwati, komai yana cikinsa."

Na tuna ranar da aka fitar da kayan Malam sadaka. Ina takaba, ba wanda ya tambaye ni. Na kira wansa.

Ya ce, "Wannan batirin? Na ba wani dattijo a Zermu. Ko waya bai caja ba. Ƙofar akurki suke tokarewa da shi."

Na ce, "Yaya Alhaji, muryar ƙanenka ce a ciki."

Ya kashe waya. Yanzu haka yana hanyar Zermu, ga hadari ya haɗo.