Hular da Noreen Ta Saƙa

Shekara talatin da ɗaya Alwyn Metcalfe yana zuwa filin harbinmu duk Lahadi, bai taɓa fasa faifai ashirin da biyar a jere ba. Ashirin da huɗu kam, ko daga barci aka tashe shi zai yi. Maginin katangar dutse ne a gonakin tumaki, hannunsa kamar icce, amma da zarar an zo kan faifan yumɓu na ƙarshe sai hannun nan ya kama rawa. Ni ke danna maɓallin injin da ke cilla faifan, don haka ganau ce ni, ba jiyau ba.

A ƙungiyarmu, ranar da mutum ya fara cika ashirin da biyar, hularsa ake cirewa a wurga sama, kowa ya ɗirka mata harsashi, sannan a kafe tsumman a bangon ɗakin shayi. Huluna sun kai arba'in a bangon nan, har da ta wani likitan haƙori da ya shigo jiya-jiya. Ta Alwyn babu. Abin yana cin ransa, ko da yake bai taɓa buɗe baki ya faɗa ba.

Matarsa Noreen ce ke faɗa masa. Duk kaka sai ta saƙa masa sabuwar hular ulu, ja wur, wai don a hango ta da kyau in an wurga. Tsohuwar hular kuwa sai ta warware ta, ta yi wa jikoki safa. In ta kawo mana kek ɗin citta sai ta tsaya bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Ka ji ni ko, tsoho? Na gaji da saƙa wa ƙato hula yana dawo min da ita ko huji babu."

Abokinsa Dougie Raine, makiyayi mai baki kamar reza, ba ya barin ta wuce. "Noreen, ki daina asarar ulu. Mijin nan naki ko ƙofar garke aka cilla masa a madadin faifan ƙarshe, sai ya kuskure."

"Kai dai ka ji da tumakinka masu ƙazuwa," in ji ta.

A watan Fabrairu Noreen ta rasu, jinyar sati shida kacal. Alwyn ya ɗauke ƙafa har wata huɗu. Sai ranar gasar bazara muka gan shi, ya rame, da jar hular nan a kansa ana wannan zafi.

Ran nan kuwa ban taɓa ganin harbi irin nasa ba. Kamar wanda abin bai dame shi ba, ya ce "Saki," in danna, faifai ya zama gari. Goma, ashirin, ashirin da huɗu, hannu ko motsi. Mutane suka fara laluben harsashi a aljihu, saboda hula. Ni kaina na fi shekara ashirin ina jiran ranar nan.

Alwyn ya waiwaya ya gan su. Ya kai hannu ya taɓa hular, sannan ya ɗora bindiga a kafaɗa.

"Saki."

Faifan ya fita sak, mafi sauƙin da aka cilla a ranar. Ya bi shi da bakin bindiga, ya bi shi, har ya sauka cikin ciyawa lafiya lau. Bai harba ba. Ya buɗe bindigar ya zare harsashi, ya mai da shi aljihu.

Haushi ya kama ni, ban ɓoye ba. Na bi shi har mota.

"Haba Baba Alwyn! Ai don a harbe ta ta saƙa. Da tana nan da ta fi kowa tsalle."

"Na sani, 'yar nan."

Dougie ya iso yana haki, ya cire tasa hular ya miƙa masa. "To ga tawa, ɗan banza. Mu koma, a harbi wannan."

Alwyn ya girgiza kai. "Ba haka ake yi ba, ka sani." Ya gyara zaman jar hular a kansa. "Da tana nan, da ta saƙa min wata in kaka ta yi. Wannan ce ta ƙarshe."

Har yau yana zuwa duk Lahadi. Ashirin da huɗu yake harbawa, ya buɗe bindigarsa, ya tafi shan shayi.