Kawu Bulus da Akuya Mai Ido Ɗaya

"Ba haka aka yi ba!" Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar gidan Kawu Bulus a Bulumkutu ya sha wannan magana, ko yana so ko ba ya so. Zai ƙyale ka ka yi nisa da labarinka, ka fara jin daɗin bakinka, sai ya ɗaga ɗan yatsa. Ya daɗe da barin koyarwa, amma koyarwar ba ta bar shi ba. Ni Rifkatu, 'yar ƙanwarsa da na tashi a hannunsa, na fi kowa shan ta.

Kun tuna Ba Modu, maƙwabcinsa mai sayar da huluna? Ranar da aka cire masa haƙori ya dawo kunci a kumbure, yana ba mutane labarin faman da likita ya yi. Kawu ya ɗaga yatsa.

"Ba haka aka yi ba."

"Malam Bulus, bakina ne fa!"

"Bakinka ne, amma kai ka ga cikinsa?"

Ba Modu ya yi ta zuba masa Kanuri har kumburin ya ƙaru. Da yamma kuma ga su nan a tabarma ɗaya suna shan shayi.

Fasto ma bai tsira ba. Wata Lahadi yana cikin wa'azi ya kawo labarin wani manomi da jakinsa, sai aka ji murya daga bencin baya. Fasto ya yi murmushi ya ce, "Baba, misali ne kawai, ni na ƙirƙiro shi."

Kawu ya ce, "Shi ya sa. Ka ƙirƙiro shi ba daidai ba."

Kai, Kawu! Amma akwai labari guda da shi yake neman wanda zai gyara masa, bai kuwa samu ba. Tatsuniya ce da yayarsu Saratu take yi musu suna yara, ta wata yarinya da akuyarta mai ido ɗaya da suka faɗa rijiya, suka iske garin da ake ajiye ruwan sama a tuluna. A cikin rijiyar akwai waƙa. Saratu ce ke bayarwa, yaran suna amsawa: "Ɗebo, ɗebo, gida da nisa." Saratu ta rasu tun ba a haife ni ba, ta tafi da baitocinta. Amshin kaɗai ya rage a bakin Kawu, ya tsufa yana cigiyar sauran. Babu tsohuwar da bai tambaya ba a coci. Har a Kasuwar Kwastam ya taɓa tsayawa gaban wata mai daddawa ya rera mata, ta ce in ba zai saya ba ya matsa wa masu saye.

Ga taurin kai kuma. Ba ya yin tatsuniya da rana ko za a yanka shi, wai mai yi ɓata yake yi. Yaran unguwa su roƙe shi da hantsi, ya ce su bari rana ta faɗi. Rana ta faɗi, kowa ya dunƙule a kan wayar uwarsa. Daga baya Mama matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watsu garuruwa, Ba Modu ya koma wajen ɗansa a Galtimari, can ya cika. Gidan ya yi wa Kawu faɗi. In na je ranar Asabar nakan same shi zaune shi kaɗai, babu ko wanda zai ƙaryata. Wallahi abin yana sosa min rai.

Wata rana a ofis na ga abokan aikina sun taru a kan waya suna dariya. Wasu matasa ne suka yi fim da kwamfuta, irin na zane mai motsi, ga yarinya, ga akuya, ga rijiya. Na sa aka tura min, na kama Keke Napep sai Bulumkutu.

Da na gaya masa an yi fim ɗin tatsuniyarsa, Kawu ya miƙe tsaye. "Da waƙar?"

"Ban kalla duka ba, Kawu. Bari in kunna mu gani."

"Yanzu? Da rana tsaka? Rifkatu, so kike mu ɓata?"

"Fim ne fa, ba tatsuniya ba."

"Ko a kwalba aka zuba ta, tatsuniya ce."

Haka na zauna jiran faɗuwar rana. Shi kuwa ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya soya gyaɗa faranti guda. Ya fito da babbar tabarmar da ake shimfiɗawa ranar Kirsimeti, ya bi gida gida yana gayyatar yara. Aka kira magariba a masallacin layin, aka idar, babu wanda ya leƙo. Ashe duk sun kalla tun makon jiya. Kawu ya dubi tabarmar, ya dubi ƙofa, ya ce, "Za su zo. Fara."

Na jingina kwamfutata a kan kujera na kunna. Muryar wata mata ta ce, "Gatanan gatananku." Kawu ya gyara zama ya buɗe baki, "Ta zo mu..." Kafin ya kai "ji ta" kiɗa ya rufe shi, matar ta wuce abinta.

"Tsaya! Mayar da ita baya. Ba ta jira ba."

Na mayar. Ya yi sauri, ta riga shi. Na sake mayarwa, ta sake riga shi.

"Wannan 'yar gidan wa ce? Ba a koya mata ana jira a amsa ba?"

"Kawu, ai ba ta jin ka."

Ya juyo ya dube ni. "To wa take ba labarin?"

Na bar fim ya ci gaba. Sai ga akuya ta fito, fara fat, idanu biyu ɗara-ɗara har da gashin ido. Kawu ya dafe ƙirji.

"Wane asibiti suka kai ta?"

Na yi dariya har gyaɗa ta sarƙe ni. Daga nan yatsa bai sauka ba. Yarinyar ta cika tsiwa. Rijiyar ta fi ƙarfin ƙauye, sai ka ce gwamnati ce ta haƙa. Akuyar ma Turanci take jefawa, ya ce lallai ta yi boko bayan rabuwarsu. Amma da suka kai ƙasan rijiyar, sai ya sauke yatsa. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, leɓunansa suna motsi, ya shirya amshinsa. Aka buɗe ɗakin tuluna. Sai wani dodo ya faɗo, aka hau faɗa da tartsatsin wuta. Aka gama, yarinya ta ɗauki tulu ta fice. Babu waƙa ko baiti ɗaya.

Na jira yatsa, bai ɗaga ba. Can ya ce a hankali, "Su ma ba su sani ba. Rufe."

Na rufe. Tsakar gidan ta yi duhu, mu biyu a bakin tabarmar da za ta ɗauki yaran layi gaba ɗaya. Na fara tattara farantin gyaɗa, sai na ji ya yi gyaran murya.

"Gatanan gatananku."

Ni da furfura ta fara fito min, na koma na zauna na ce, "Ta zo mu ji ta."

Ya ba ni tatsuniyar tun daga farko, akuyarsa da idonta ɗaya. Da muka isa ƙasan rijiya ya ce, "Nan wurin Yaya Saratu ne, kar ki yi magana." Ya yi shiru yana kaɗa kai, daidai tsawon baitin da babu, sannan ya rera, "Ɗebo, ɗebo, gida da nisa." Ya sake yin shiru, ya sake amsawa. A na gaba na taya shi. Bai gyara min ba.

Damina ba ta zagayo da shi ba. Ubangiji ya ba ka hutawa, Kawu. Ya sada ka da Yaya Saratu, ta bayar, ka amsa.