Zanin Gadon da Shatu Ba Ta Haɗa Ba

Shatu 'yar Roni ce, aure ya kawo ta Kazaure, kuma ban taɓa shiga gidanta na tarar da ƙafarta ba ta kan keken ɗinki ba. Manyan mata ba sa kai mata leshi. Aikinta yunifom ɗin 'yan firamare, facin wando, rage riga, duk abin da teloli ke yatsina fuska a kai. Da shi ta riƙe 'yarta tilo, Khairiyya, bayan rasuwar mijinta.

Duk Lahadi da la'asar mukan haɗu a tsakar gidanta, mu ƙawayen ɗinki. Dorkas, 'yar Kafanchan mai auren wani malamin sakandare, ita ta kawo mana salon: kowace ta ɗinka yanki da irin zanenta, a ƙarshe a haɗe su zanin gado guda. Shatu ta ce to na ɗakin Khairiyya za mu yi, tunda an sa rana, kuma da ragowar ankon da muka yi tare tsawon shekaru.

"Dorkas, wannan tauraro ne ko sawun kaza?" in ji Shatu.

"Ke Maman Khairi, ki ji da naki! Kamar mota ta taka kwaɗo."

Ƙarya Dorkas take yi. Yankin Shatu shi ne na tsakiya, daga zanin da ta ɗaura ranar sunan Khairiyya ta yanko shi, ta bi shi da allura a hannu, ɗinki ƙanana kamar ƙwayar gero. Saura haɗawa kawai sai Shatu ta yanke jiki ta faɗi wajen alwala. Hawan jini. Ba ta dawo daga asibiti ba.

Bayan sadakar uku, yayarta Ma'u ta shiga ɗakin da 'yan uwa don fitar da kayan sawa sadaka. A ƙarƙashin keke suka ga jakar bakko cike da ƙyallaye. To a garin nan kowa ya san inda ƙyallen tela ke zuwa: wajen masu cusa matashin kai. Ko zazzage jakar Ma'u ba ta yi ba, ta miƙa wa wani mai yin filo a bakin kasuwa.

Da muka koma gaisuwa na tambayi jakar, don a cikinta Shatu ta tara yankunanmu.

"Tsummokaran nan?" in ji Ma'u. "Ai na ba da, Allah ya kai ladan kabarinta."

"Yaya Ma'u, ba ki da ido ne? Tsumma ne ake yi wa kalmasa?"

"Yo ni na sani? Ku da kuka sani kuna ina?"

Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo. Muna ina? Muna tsakar gida muna kuka, kunyar shiga ɗakin mamaciya ta hana mu, kada a ce ƙawaye sun zo duba kaya.

Ni da Dorkas muka hau mashin har wajen mai filon. Bawan Allah ya yi ta salati. Ya ce manyan yankunan ba sa cusuwa da kyau, don haka sai da ya daddatsa su da almakashi. Filolin kuwa an loda su zuwa kasuwar Babura, wataƙila ma sun tsallaka Nijar. Dorkas ta durƙusa tana tona tarin ƙyallayen da ke ƙasa, ba ta samu ko zare ɗaya namu ba.

Muka ce wa Khairiyya za mu sake wani, akwai sauran anko a akwatunanmu.

"Anti, ku bar shi," ta ce da ni. "Na Inna za ku sake?"

An yi biki bayan girbi. Ranar jere dangi suka shimfiɗa zanin gado na kanti, ko layin ninkinsa bai baje ba, Ma'u tana rangaɗa guɗa tana cewa ɗaki ya yi kyau. Da aka kawo amarya aka ce ta hau gado, Khairiyya ta ja mayafinta ta zauna a ƙasa, kan leda. Mata suka yi ta dariya wai kunya ce. Na ɗauki takalmina na fita.