Wasan Waya da Ya Raba Baba da Makullin Ruwa

Edita, Allah ya ƙara basira. Ina roƙon ɗan fili in sauke wani abu da ya daɗe yana cina. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu.

Lokacin ina budurwa a gidanmu, a wani ƙauye cikin waɗanda ke noman rani da ruwan madatsar Watari. Na gama sakandare ban samu wucewa gaba ba, sai Baba ya saya mini keken ɗinki. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki da rawar kai, in na ƙulla labari ko Inna sai ta ajiye tsintar shinkafa ta saurara. Ɗakin ɗinkina bango ɗaya ne da soron Baba, don haka duk maganar da aka yi a can tana kunnena. Magana kuwa ba ta yankewa, saboda Baba ne mai riƙe da makullin ƙofar ruwan ɓangarenmu. Ruwa yana tahowa ta kanal, akwai ƙofar ƙarfe mai kwaɗo da ake buɗewa a saki ruwa bisa juyi: kwana uku na masu gonakin kusa da ƙofar, kwana uku na 'yan ƙarshen kanal. Manoma ne da kansu suka damƙa wa Baba makullin tun ina goye, ba albashi, ba komai, yarda ce kawai. Duk rigar da na ɗinka masa sai na yi mata ɗan aljihu daga ciki, daidai ƙirji, nan yake ajiye makullin ɗaure da baƙar igiya.

Wata ƙawata ce ta saka ni a wani guruf na waya inda ake wasan labari. Wallahi ranar farko ban ɗinka ko hannun riga ba. An ƙaddara cewa shekara ɗari biyar nan gaba Hausawa sun hau kumbo sun tare a wata jar duniya, sun kafa gari ƙarƙashin rumfar gilashi, aka sa masa suna Sabuwar Alƙarya. Kowa a guruf ɗin yana da mutumin da yake takawa. Wannan matuƙin kumbo ne, waccan likita ce, wani ma mutum-mutumi ya zaɓa mai sayar da shayi. Ka rubuta abin da mutuminka ya yi, wani ya ɗora daga inda ka tsaya. Akwai ɗaliban jami'a, akwai wata nas a Ɗanbatta, akwai wani mai gyaran waya a Bacirawa da Allah ya hore wa murya kamar ta mai labarai a rediyo. Ni da ban taɓa wuce Kano ba, ga ni ina taka keke ina ba da umarni a wata duniya.

Da wasan ya fara sanyi, kullum yaƙi da dodanni har an gaji, sai aka ce a nemo wanda zai tsara rikicin siyasa, a raba gari biyu, a yi zaɓe. Kafin kowa ya yi motsi na ce a bar mini. Na samo littafin da nake rubuta awon kaya, na juya shi ta baya na fara tsari. Na ce a Alƙarya ruwa daga ƙanƙarar ƙarƙashin ƙasa ake narko shi da inji, kuma mutum ɗaya ne ke riƙe da makullin injin, ana ce masa Mai Makulli. Na raba unguwanni gida biyu, 'yan kusa da inji da 'yan ƙarshen bututu. Na tsara mako shida: a mako na farko ruwa zai ragu, na biyu a fara gunaguni, na uku jagoran adawa ya yi jawabin da zai girgiza gari, sai tsige Mai Makulli, sai zaɓe. A mako na shida kuwa na ɓoye wani abu da ban gaya wa kowa ba. Za a gano Mai Makulli bai ci amanar kowa ba, bututu ne ya tsage, wasu manya kuma suna satar ruwa, shi kuma ya rufa musu asiri yana ta faman gyara a ɓoye. Da na rubuta wannan sai da na tashi na taka rawa ni kaɗai a ɗaki. Na ce ranar da na saki wannan sai an yi kuka a guruf.

Kai, wasa ya yi wasa. Mutanen da suka yi wata ba su ce uffan ba suka dawo. Aka kafa jam'iyyu biyu, aka zana tutoci, nas ɗin nan ta shirya zanga-zangar mata da jarkoki, mai shayi mutum-mutumi ya ƙi sayar wa 'yan kusa. Wayata ba ta hutawa, ni ma haka. Kowa yana tambayar inda nake samo waɗannan abubuwa da suke kama da gaske haka. Ni kuwa sai in yi dariya in ce baiwa ce. Ba baiwa ba ce, bango ne. A wannan ranin ruwa ba ya isa ƙarshen kanal ɗinmu, tumatir da albasa suna ƙonewa, kullum soron Baba a cike. Abin da na ji da safe, kafin la'asar na kai shi jar duniya. Wani dattijo ya ce gonarsa ta tsattsage kamar faso, na ɗauka. Wani ya ce juyinsu ya koma suna kawai, na ɗauka. Ban tsaya nan ba. Don Mai Makulli ya fito sosai, sai na ba shi baƙar igiya da aljihun ciki, na ba shi gyaran murya kafin magana, na ba shi amsar da Baba ke ba kowa, cewa a yi haƙuri ana dubawa. A zuciyata girmama shi nake yi, tunda na san a ƙarshe shi ne gwarzon labarin.

Mai gyaran waya ne ke taka jagoran adawa, don haka shi zai karanta jawabin mako na uku da murya. Ni na rubuta masa shi, kuma na zuba duk fasahata. Da ya aiko gwajin farko ya cusa maganar kumbo da rumfar gilashi, sai na ce masa ya cire, suna rage wa jawabin zafi, 'yan guruf ai sun san inda muke. Na ce ya yi magana kamar manomin da amfaninsa ke mutuwa yana kallo. Ya sake ɗauka. Jawabin yana cewa mai makulli yana hana 'yan ƙarshe ruwa ranar juyinsu yana sakar wa ƙaninsa, ya ɓoye makulli a ƙirji kamar gadon ubansa, in an yi magana ya ce ana dubawa. Maganar ƙanin nan ƙirƙirarta na yi don labari ya yi armashi. Ko a raina ban kawo cewa gonar ƙanin Baba ita ce ta biyu daga ƙofar ruwa ba. Da na saurara sai na saka sau biyar ina tafi. A guruf kuwa ranar aka yi ta jinjina mini har kaina ya kumbura.

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, ina cikin ɗinki sai na ji muryar mai gyaran waya tana fitowa daga soron Baba. Ƙafata ta tsaya cak a kan keke. Ashe ya ji daɗin muryarsa ne ya riƙa kunna jawabin a shagonsa, wani direba mai ɗaukar tumatir daga wajenmu ya ji, ya ce a tura masa. Daga nan ya shiga wayoyin manoma. Babu kumbo a ciki, babu jar duniya, ni da kaina na sa aka cire. Abin da ya rage shi ne mai makulli, da baƙar igiya, da ƙani, da kwanakin juyi irin namu sak. Na ji wani yana cewa wannan ba maganar baƙo ba ce, wanda ya san aljihun ciki ɗan gida ne. Na ji Baba ya yi gyaran murya.

Na kira mai gyaran waya, na wanke shi tas, ya yi ta ba ni haƙuri, ya ɗauki wani saƙon yana bayanin cewa wasa ne. Wa zai tura wannan? Ko mutum goma ba su saurara ba. Na fita tsakar gida na gaya wa Inna komai. Ta dube ni ta ce in je in faɗa da bakina, ita ba za ta ɗaukar mini wannan ba. Bayan azahar na durƙusa gaban Baba da littafin awo a hannu, ina kuka ina bayanin kumbo da ƙanƙara da mutum-mutumi, ni kaina na ji yadda maganar ta zama shirme a bakina. Ya bari na gama, sannan ya tambaye ni yadda labarin zai ƙare. Na buɗe shafin mako na shida na karanta masa. Sai ya ce ashe har satar ruwan na ji ta bango. Ya ce gaskiya ne akwai masu jefa buhun yashi da tiyo a kanal, ya san su, yana bin su ɗaya bayan ɗaya ne don kada maƙwabta su ɗauki fartanya a kan juna. Sannan ya ce ƙarshen ya yi kyau, sai dai mutanen garinmu mako na uku kaɗai suka ji.

Na roƙe shi ya bar ni in tura wa kowa bayani da muryata, ya hana. Ya ce ba zai sa 'yarsa a bakin gari ba, kuma ba zai wanke kansa da tona asirin wasu ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, manoma suka taru a gindin tsamiyar bakin kanal. Ƙanin Baba ya rantse har da hawaye cewa ba a taɓa sakar masa ruwan kowa ba, wasu suka yarda, wasu ba su yarda ba. Baba bai jira an tsige shi ba. An ce ya zaro makullin ya kwance igiyar, ya ajiye shi a kan tabarma, ya ce da yarda aka ba shi, tunda ta yi rauni ga kayansu. Daga baya da aka yi gayyar yashe kanal an ga buhunan, gaskiya ta fito, dattawa suka zo har soro suna ba shi haƙuri. Ya karɓi haƙurin, bai karɓi makullin ba.

Na fita daga guruf ɗin ban saki mako na shida ba. Ina jin har yau 'yan Alƙarya suna ganin Mai Makulli azzalumi ne. Ban ce wasan haramun ba ne, ya buɗe mini kai, kuma har gobe in na tuna zanga-zangar jarkoki sai na yi murmushi. Laifin nawa ne. 'Yan'uwana masu tsara labari a waya, ku ji tsoron Allah a kan mutanen da kuke kwasowa. Abin da kuka ji a gida amana ne, ba kayan haɗin labari ba. Kada ku ɗora wa mutumin ƙirƙira kamannin mai rai sannan ku laƙa masa laifi, kuna taƙamar za ku wanke shi a gaba. Ku kaɗai kuka san gaban. Saƙo kuma in ya bar wayarku, ba ya tafiya da bayaninku.

Baba bai taɓa ɗaga mini murya a kan wannan ba, da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Da ƙaramar salla ta matso ya kawo mini shadda kamar yadda ya saba. Na auna, na yanka, na ware ɗan ƙyallen da nake yin aljihun ciki da shi. Yana tsaye a bakin ƙofa yana kallona, sai ya ce a hankali in bar wannan, kada in wahalar da kaina, ba abin da zai sa a ciki.