Gidan Laka da Na Zana wa Inna a Tawa

Mu mutanen Tawa da ke zaune a Libreville muna da wata ɗabi'a. Duk inda aka haɗu, suna ne ko walima, da an ci an sha sai wayoyi su fara yawo hannu-hannu, kowa yana nuna ginin da yake yi a gida. Bene, tayil, shuɗin gilashi tun daga ƙasa har sama. Kuma duk daga Batterie IV, unguwar masu kuɗi, ake kwaso su. Mutum zai tsayar da taksi ya ɗauki hoton gidan wani babba, ya tura wa magini a Nijar ya ce, "Irin wannan." Babu mai tunawa cewa gidan nan don iskar teku aka yi shi, da ruwan saman da ba ya hutawa.

Shekarar da Inna ta ce ita kam ta gaji, gida za ta koma, likita ya riga ya gaya mana zuciyarta ta yi rauni. Zafi kaɗan sai ƙafafunta su kumbura, numfashi ya gagare ta, ta jingina da bango tana haki. Baba ya rasu ya bar fili a Tawa. Ni kuwa a nan unguwar Alibandeng aka haife ni, lakwal ɗin Faransanci na yi, wato boko, kuma aikina ke nan, zanen gidaje a wani ofishi a unguwar Okala. Sai na ce zanen gidan Inna nawa ne, kada wanda ya sa mini baki.

Na san bazarar Tawa, na taɓa zuwa biki a cikinta. Ɗakin siminti aka sauke ni, mai rufin kwano. Da azahar bangon ba ya taɓuwa, wuta kuma ta ɗauke, fanka ta tsaya cak. Ina da ƙuruciya da lafiyata, amma wallahi sai da na ji kamar an sa ni a tanda. Wannan ɗakin nake gani duk lokacin da Inna ta yi haki.

Don haka na zana bango mai kauri na bulon laka. Tagogi ƙanana, a can sama, suna duban kudu da arewa, yamma kuwa na toshe ta gaba ɗaya. Rufin soro, sannan kwano a bisansa da tazara a tsakani, ya tare rana iska na ratsawa. Rumfa a gaban ɗakinta, bishiyar dogon yaro a tsakar gida, farar ƙasa a jikin bango. Sola ƴar daidai, wadda za ta juya fanka ta riƙe firjin magani.

Na kai wa Yaya, babban wanmu, a shagonsa. Ya juya takardar ya sake juyawa.

"Ina benen?"

"Babu bene, Yaya. Inna ba ta iya hawa."

"Wannan bangon na mene ne?"

"Laka."

Ya ajiye takardar a hankali. "Baba ya ƙare rayuwarsa a ƙasar mutane, sai a ce ƴaƴansa sun gina wa uwarsu rumbu? Da wane ido zan dubi mutane? A sa mata siminti, in saya mata kilim mai sanyaya ɗaki."

"In wuta ta ɗauke fa? Kilim ɗin da me zai yi sanyi, da sunan Baba?"

Bakina ba shi da linzami, kowa ya sani, kuma ba zan ce na yi nadamar maganar ba. Yaya ya ce in dai laka ce, babu hannunsa. Na ce to, Allah ya ba mu alheri. Na fito cike da haushi, har na wuce inda ake tsayar da taksi ban sani ba.

Abin da ya fi ci mini rai, maganar ta bazu. A wani suna wata dattijuwa ta kama hannuna ta ce, "Ƴar nan, an ce ɗakin kaji kike yi wa uwarki?" Aka kwashe da dariya. Na ce, "I, Hajiya, in kin je hutu ki biya ki sha inuwa." Inna ma kanta ba ta goya mini baya a fili ba. Ba ta son abin da zai raba ta da ɗanta na fari. Ta dai ce mini, "Ke dai ki yi abin da zan iya kwanciya a ciki."

Na yi. Na sami magini ta hannun ƙanwar Inna, muka dinga aiki ta waya. Ya so ya faɗaɗa tagogi don gidan ya yi kyan gani, na sa ya rushe ya sake. Ya so ya rage kaurin bango, na ce ko yatsa ɗaya ya rage mun raba gari. Ginin ya ja lokaci, don ni kaɗai ce, amma ya tashi. Ranar komawarta Tawa, Yaya ya raka Inna filin jirgi, ni da shi ko gaisuwar kirki ba mu yi ba. Har yau hoton gidan bai taɓa shiga wayarsa ba, kuma abin yana mini zafi, ba zan ɓoye ba.

Da bazara ta kama, tsoro ya hana ni sakat. In na yi kuskure, a jikin Inna zai fito. Wata rana da azahar na kasa haƙuri, na fito daga ofis na laɓe a barandar wani shago, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, na kira. Ƙanwar Inna ce ta ɗauka. Ta ce garin ba ya shiguwa don zafi, wuta kuma tun safe babu. Na ce ta ba ni Inna.

"Barci take," in ji ta. "A miƙe, kan katifarta. In tashe ta?"

Na ce a'a, bar ta.