Kurfotina a Gindin Motar Yaya

Sau ɗaya tak na taɓa roƙon Allah kada kayan wani ya gyaru, kuma motar yayan mijina ce. Kwana uku ina addu'a tsatsar da ta kama ƙafarta ta baya kada ta saki. Na daɗe da tuba, amma tunda na tsufa, bari in faɗi yadda aka yi.

Muna Nima a gefen birnin Ankara a lokacin, shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama. Unguwar ba ta cika ba tukuna, gidajen ƙasa ne nan da can, da fili, da shanu. Ni a Zongo Lane aka haife ni, a tsakiyar birni, saboda haka innata kullum cewa take na yi aure a daji. Koko da ƙosai nake sayarwa da safe a ƙofar gida, a kan wani kurfoti, murhun gawayi na ƙarfe, mai ƙafa uku da na zo da shi cikin kayan aurena.

Maigidana makanike ne tun kafin yaƙi, kuma sarkin surutu. Yana kwance a ƙarƙashin mota ma bakinsa bai hutawa, in ba ya waƙa to yana tsokanar mai wucewa. Aka ɗauke shi soja don ya gyara musu motoci. Ya dawo da akwatin ƙarfe, da igiyar kofur, da hannuwansa biyu da ƙafafunsa biyu, har mutane suna yi mini barka. Abin da ba su gani ba shi ne bakin nan ya mutu. In na ce ga tuwo, ya ci. In ban ce ba, ya wuni haka. Ranar da murfin tukunya ya suɓuce mini, sai na same shi tsugune a jikin bango, ya toshe kunnuwa da hannu biyu, jikinsa yana ɓari. Daga ranar na kai turmina gidan maƙwabta, can nake daka. Wata bakwai muna haka.

Yayansa falke ne, goro yake ɗauka daga Kumasi zuwa arewa. Mutumin kirki ne, ba na ɗaukar alhakinsa, amma in ya yanke magana ta yanku. Ya zo ya zauna a tabarma ya dubi ƙanensa ya daɗe, sannan ya kira ni.

"Amarya, zan tafi da shi gida wurin tsohuwa, a yi masa rubutu da magani. Ke kuma ki koma wurin iyayenki har ya samu sauƙi."

Na san ma'anar wannan "har ya samu sauƙi". Na ga matan da aka mayar gida da ita, wasu har furfura ta fito musu suna jira. Amma wace ce ni da zan yi musu da yayan miji? Na durƙusa na ce, "To, Yaya." Na zagaya bayan ɗaki na sha kukana, na wanke fuska, na dawo na haɗa masa kaya a akwatin sojansa.

Saura motar da za ta ɗauke shi. Babbar mota ce mai gidan katako, ta yi shekaru a ajiye kusa da bakin teku saboda lokacin yaƙi taya ta yi wuya. Da Yaya ya samu tayoyi, inji ya tashi, direbansa ya jawo ta zuwa filin da ke bayan gidanmu. Nan aka ga birkin ƙafar baya ta hagu ba ya kamawa, kuma ba mai hankalin da zai hau tudun hanyar Kumasi da irin wannan birki. Kafin a kai ga birkin sai an zare cibiyar ƙafar daga jikin aksil, wato sandar ƙarfen da ke juya ƙafa. Kan sandar yana shiga cikin cibiyar ne ya matse, wani ƙaton noti ya riƙe shi. Suka ɗaga motar, suka cire taya, suka kwance notin, suka ja. Ko gezau. Iskar gishirin teku ta haɗe ƙarafan biyu sun zama ɗaya.

Direban wani ɗan ƙabilar Ga ne mai tumbi da fara'a, Hausarsa irin ta zango. Ya tara 'yan dako majiya ƙarfi, aka samo wata guduma da sai mutum ya yi nishi kafin ya ɗaga ta, aka shiga duka. Tun hantsi har la'asar, gwaram, gwaram. Maigidana yana ɗaki, ya naɗe kansa da bargon soja. Ni kuwa ina tsakanin abu biyu: kowane duka yana shiga jikinsa ina ji, amma kowane dukan da ya tashi a banza kwana ɗaya ne aka ƙara mini da mijina. Da yamma in direba ya zo shan ruwa yana share gumi ya ce, "Madam, wannan abu ya ƙi koraa," wato ya ƙi sam, sai in ce, "Ayya, sannu," zuciyata fari ƙal.

Rana ta uku ina kwashe ƙosai sai na ga labulen ɗaki ya ɗaga. Maigidana ya fito ba takalmi, ya wuce ni da sauri. Na ce shi ke nan, daji zai shiga. Na bar mai a wuta na bi shi. Ashe wurin motar ya nufa. Wani ƙato ya ɗaga guduma sama ke nan, maigidana ya riƙe masa hannu.

"Wane jahili ne yake dukan kan aksil ba noti?"

Wata bakwai ban ji magana mai tsawon wannan daga bakinsa ba, kuma da zagi ta fito. Wallahi daɗinta na ji.

Direba ya ce, "Kofur, mun buga, mun buga, shi bai ji."

"Ya ji mana. Daga ɗaki na ji ya ji. Dubi nan."

Ya nuna musu kan sandar. Dukan ya baje shi, haƙoran da noti ke hawa sun fara lanƙwashewa. Ya ce in suka ƙara wuni ɗaya noti ba zai sake hawa ba, kuma a Ankara kaf ba za su sami wani aksil ɗin ba a wannan lokaci. Yaya yana tsaye da carbi yana kallo. Maigidana ya sa aka ɗauke gudumar aka kai nesa inda ba zai gan ta ba. Ya aika aka ɗauko akwatinsa, wanda na riga na shirya don tafiya, ya zazzage rigunan da na ninke a ƙasa, ya ciro wani ƙunshi daga ƙarƙashi. Magagari ne da sifanu, naɗe cikin tsumma mai maiƙo. Ban taɓa sanin suna ciki ba.

Ya zauna a ƙasa ya shiga gyaran haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya da magagari, a hankali, har azahar. Hannun da ke rawa in ya riƙe moɗa, nan bai yi rawa ba. Da ya gama ya ɗago ya neme ni da ido.

"Kawo mini kurfotinki da gawayi. Da kananzir, da manja kaɗan."

Nan ne na yi abin kunyata. Na dube shi na ce gawayi ya ƙare. Buhu guda yana bayan ƙofa, shi da kansa yake jingina da shi kullum. Bai ce ƙarya nake ba. Kallona kawai ya yi, irin kallon da yake yi mini da can in na ɓoye masa ƙosai ina cewa an saye. Sai na gane ya san komai: ya san abin da Yaya ya yanke, ya san me akwatin yake yi a bakin ƙofa, ya san motar da yake gyarawa ita za ta raba mu. Ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Kawo dai."

Na kawo, ina tafe ina share hawaye da gefen mayafi, ina cewa hayaƙi ne.

Ya dama kananzir da manja ya ɗiɗɗiga a inda ƙarafan suka haɗu, ya bar shi ya kwana. Washegari ya hura kurfotin, ya ɗora shi a kan duwatsu dab da cibiyar, ya sa ni fifita. Kan sandar kuma ya naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, in ya bushe ya sake jiƙawa. Direba ya tambayi dalili, ya ce na waje ake so ya ji zafi ya buɗe, na ciki ya zauna da sanyinsa. Da ƙarfen ya huce sai ya sake ɗiga mai, a sake hurawa. Sau uku muka yi haka. 'Yan dako suna zaune a inuwa suna dariya, wai Kofur zai dafa mota. Masu sayen kokona kuwa sun zo sun koma, ranar ba wanda ya karya a wurina.

Bayan la'asar ya ce a mayar da taya. Kowa ya yi tsammanin ya haƙura ne. Ya ɗaura ƙaton notin, amma bai matse shi ba, ya bar 'yar tazara wadda farce zai iya shiga, ya soka masa ƙusa don kada ya kwance. Aka sauke motar ƙasa. Ya ce wa direba ya shiga ya yi ta zagaya filin a hankali, ya karya hagu, ya karya dama.

"Nauyinta ne zai cire mata. Ta fi gudumarku ƙarfi."

Mota ta fara zagaye tana layi, shi kuma yana tafe a gefen ƙafar, ya karkata kai yana saurare. Zagaye ɗaya, biyu, har na daina ƙirga. Ana cikin haka sai wata ƙara ta tashi, tau! kamar an harba bindiga. Shanu suka watse. Ba wanda ya kalli motar, duk shi muka kalla.

Ya durƙushe. Hannuwansa suka tashi za su kai kunne, na ga kafaɗunsa suna rawa. Na taka zan je wurinsa, Yaya ya ɗaga mini hannu in tsaya. Hannuwan nan suka tsaya a hanya, suka daɗe a nan, sannan ya sauke su ya dafa ƙasa, ya rarrafa zuwa gindin tayar ya leƙa. Tazarar da ya bari ta rufe, cibiyar ta zamo ta jingina da noti.

"Ta saki," in ji shi. Ya juyo wajena, fuskarsa duk gumi. "Akwai sauran tuwo? Yunwa nake ji."

Kwana biyu ya yi yana gyaran birkin. Ni kuma na sake ninke rigunansa na mayar a akwati, don ba wanda ya ce mini an fasa. Ranar tafiya da safe aka ɗora kaya, direba ya ɗauki akwatin ya aza a bayan mota. Ina tsaye a bakin kurfotina, wanda ya sha mai ya yi baƙi, ban ko iya ɗaga ido ba. Maigidana ya zagaya motar ya taɓa kowace ƙafa, sannan ya tsaya a gaban yayansa.

"Yaya, in kun kai Kumasi a sake matse notin nan. In kun dawo kuma ku kawo mini ita, ƙafar dama ma ba ta da gaskiya."

Yaya ya dube shi, ya dube ni, ya ja carbinsa ƙwaya biyu ko uku. Sannan ya hau bayan motar da kansa, da babbar rigarsa da komai, ya sauko da akwatin ya ajiye a gabana.

"Amarya, shigar da kayan mijinki ɗaki. Kada rana ta dake su."

Mako guda kokona yana warin kananzir, masu saye suna ta mita, wasu har suka koma wurin wata. Maigidana kuwa kullum ƙwarya biyu yake shanyewa, ya miƙo ya ce a ƙara.